Ma'aikaci, kada ka fara lambun gida da tumatir

A Paki da sauran garuruwan Ikara, da an ce lambu tumatir ne ke fara zuwa a rai. Ba laifi, domin a Ikara aka kafa masana'antar sarrafa tumatir tun 1981, kuma har gobe da rani motoci na loda kwanduna daga fadamun yankin. Shi ya sa duk malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da tsadar cefane ta isa, ya ce bari ya yi ɗan lambu a gida, irin tumatir yake fara nema.

A ganina, nan kuskuren yake.

Tumatir shukar mai zama ce. Yana son ban ruwa a kan lokaci, yana son feshi, yana son a riƙa duba ƙarƙashin ganye. Manoman da suka ƙware a kansa ma sun ji jiki a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda ake kira sharon, ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. To, ina ga wanda zai fita bayan Asuba, wani ma sai ya je Zariya, ya dawo gab da Magariba a gajiye? Mako biyu ya ishi yabanyar ta ƙone, shi kuma ya ce ba shi da hannun shuka. Hannunsa lafiya lau, zaɓin ne bai dace da rayuwarsa ba.

Wanda ba shi da lokaci ya shuka abin da ke jure sakaci, kuma zogale ne kan gaba. Ba sai ka sayi iri ba. Roƙi maƙwabci reshe mai kauri, tsawon kamar mita ɗaya, ka binne kashi ɗaya cikin uku a farkon damina, wajen watan Mayu zuwa Yuni, lokacin da sama za ta yi maka ban ruwa kyauta. Ka kauce wa inda ruwa ke kwanciya, don saiwarsa na ruɓewa. Idan ya kai ƙirjinka ka sare kansa. Mutane da yawa suna jin tausayin yin haka, sai su wayi gari da doguwar sanda mai ganye a can sama inda ko yaro ba zai kai ba. Wanda aka sare shi ke yin rassa.

Bayan zogale sai rama da yakuwa da lalo. Watsa su kawai ake yi a damina, kuma gidan da ake fate ya san amfaninsu. Idan tsakar gida siminti ce, tsohon buhun taki da aka cika da ƙasa da busasshen kashin awaki, aka huda gindinsa, ya wadatar.

Batun ruwa shi ke tsorata mutane da rani, alhali kullum ruwan alwala da na wanke shinkafa na bin rariya zuwa titi, ya kwanta ya tara sauro. A karkatar da shi gindin shuka. Na wanki da ke cike da omo dai a bar shi ya wuce. Wanda ke kwana biyu a wajen aiki ya binne tulu na ƙasa kusa da shukar, ya cika shi ya rufe baki. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali. A rufe ƙasar da buntun shinkafa ko busasshen ganyen rake, wanda ba ya wuya a Makarfi da Kudan, amma kada ya taɓa jikin shukar saboda gara.

Akwai abin da ya fi fari ɓarna: akuya. Aikin wata uku, minti biyar ya ishe ta, kaji kuma su tone abin da ta rage. Don haka danga ake fara yi kafin shuka, ko ta karan dawa ce. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi waya ka kewaye.

Sai maganar da maza ba sa son ji. Sau tari maigida ne ke ɗokin lambu ranar Asabar, daga Litinin kuma ban ruwa ya koma kan uwargida, wadda aikinta ya riga ya yi mata yawa. A zauna a yi shawara tun farko: wa zai zuba ruwa, me za a shuka. Ita ce ta san ganyen da tukunya ke buƙata.

Wani zai ce zogale uku ba za su rage tsadar rayuwa ba. Gaskiya ne, ba za su sayi buhun masara ba. Amma a albashin da mafi ƙarancinsa Naira 70,000 ne a dokar 2024, kuɗin ganyen da ake bayarwa kowace safiya ba abin rainawa ba ne, musamman a kwanakin ƙarshen wata.

Idan shekara ta zagayo zogalenka na raye, dangarka na tsaye, sai ka gwada attaruhu a buhu biyu. Tumatir kuwa, bar wa mutanen fadama, ka saya a hannunsu.