Bayanan ƴan ƙasa za su dawo gida, amma wa ke riƙe da mabuɗi?

Zaren sadarwar fiba da aka shimfiɗa daga Arlit zuwa Asamaka, bakin iyakar Aljeriya, reshe ne na babban aikin da Bankin raya Afirka BAD ya zuba wa kuɗi, mai tsawon sama da kilomita 1000 a cikin Nijar. Aikin ya haɗa da gina cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Manufar a fili take: takardun haihuwa, albashin ma'aikata, rajistar asibitoci da makamantansu su zauna a ƙasarmu, ba a kwamfutocin Faransa ko Amurka ba. A wannan zamani da kowa ke maganar ƴancin kai, ba wanda zai ƙi wannan. Sai dai gini da waya ba su ne ke tsare sirri ba. Akwai wata ƙaramar magana ta masu sana'ar da ba a kawo ta a taron buɗe aiki, alhali a kanta ake yin asara.

Yau akasarin manhajojin ofis ba a girka su kai tsaye cikin kwamfuta. Ana ɗaure kowace da kayan aikinta cikin abin da ake kira kwantena, sunan da aka aro daga akwatunan ƙarfen nan da manyan motoci ke ɗaukowa daga tashar jirgin ruwa. Docker ne ya yaɗa dabarar daga 2013, Google kuma ya fito da Kubernetes a 2014 don tafiyar da kwantena masu yawa a lokaci ɗaya. Kwamfuta guda na iya ɗaukar kwantena hamsin, amma duk zuciyar Linux ɗaya suke amfani da ita. Kamar gidan haya ne: ɗakuna da yawa, zaure ɗaya, katanga ɗaya.

A tsarin Linux akwai mai iko a kan kome, ana ce mishi rut, wato saiwa. Shi ke karanta kowace takarda, ya goge abin da ya ga dama. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan wanda ya haɗa kwantenar bai faɗi wani suna ba, Docker zai tayar da ita ne da sunan rut. Wani lokaci da dalili: manhaja na bukatar gyara izinin ma'ajiyarta kafin ta soma aiki, kamar sabon ɗan haya da aka ba mabuɗin zaure don ya shigo da kayanshi. Ƙa'idar ita ce da ya gama ya mayar da mabuɗin, ya koma da na ɗakinshi kawai. Haka kwantenar PostgreSQL ta asali ke yi: ta tashi da babban iko, ta daidaita ma'ajiya, nan take ta sauka zuwa ƙaramin suna mai iyakantaccen izini. Matsalar ita ce ɗan kwangila mai gaggawa. Abu ya ƙi tashi, gobe za a miƙa aiki, sai ya buɗe wa kwantenar cikakken izini, kome ya yi daidai, a tafa mishi, a biya shi. Mabuɗin zaure ya zauna a aljihun ɗan haya har abada.

Wannan ba tsoron banza ba ne. A watan Fabrairun 2019 an bayyana wata ɓaraka a runc, ƙaramar manhajar da ke tayar da kwantena a ƙarƙashin Docker, wadda ke ba mai rut a cikin kwantena damar haurawa ya mallaki kwamfutar baki ɗaya. A Janairun 2024 kampanin Snyk ya sake bayyana wata a wuri guda. Kafin nan, a 2018, an tarar ɓarayi sun shiga na'urorin da kampanin motoci Tesla ke haya, ta ƙofar Kubernetes da aka bari babu kalmar sirri, suna haƙar kuɗin intanet da ƙarfinsu. Idan Tesla da dukiyarshi ya bar ƙofa a buɗe, ina ga ofishin da injiniya ɗaya ke kula da kwamfuta, firinta da injin wuta duk a lokaci guda?

Mu a Agadas abin ya fi shafar mu, don nan ake rubuta sunayen baƙin da aka koro daga Aljeriya, nan ake da ma'aikatan ma'adinai da ƙungiyoyin agaji masu jerin sunayen mabukata. Fasfo ɗin AES da ya soma aiki ranar 29 ga Janairun 2025 yana tafiya ne da hoto da zanen yatsa. Kalmar sirri idan an sace ana canza ta, yatsa kuwa ba a canza shi.

Maganin ba ya cin kuɗi. Docker na da tsarin aiki ba tare da rut ba tun fitowar 20.10 a ƙarshen 2020, Podman ma haka yake aiki, kuma dukansu kyauta ne. Abin da ya rage shi ne a rubuta. Dokar kare bayanan mutane ta Disamban 2022 ta ɗora alhakin tsaro a kan wanda ke riƙe da bayanan, hukumar HAPDP kuma ita ke sa ido. A ganina, ya kamata ta sa sharaɗi cikin takardun kwangilar gwamnati: kada kwantena ta ci gaba da aiki da sunan rut, kuma duk inda aka ba da cikakken izini a rubuta dalili da sunan wanda ya amince. Ranar karɓar aiki kuma a sa wanda ba na kampanin ba ya duba. Umarni ɗaya ne ake bugawa a ga sunan da kowace manhaja ke gudana da shi, abin da ɗalibin Jami'ar Agadas da ya iya Linux zai yi kafin a sauke shayi na biyu.