Shiru Ma Amincewa Ne: Zagga da Zauren da Ake Tsara Sunayen Intanet

Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Zagga ya nufi Tsamiya ya san inda Najeriya ta ƙare. Akwai shinge, akwai jami'an kwastan, akwai takardun da za a duba. Da zarar ya tsallaka ɓangaren Segbana a Jamhuriyar Benin, naira ta koma sefa, Ingilishi ya koma Faransanci, wayarsa ma takan kama wani layin daban. Abu guda ne ba ya sauyawa: idan ya rubuta sunan shafin bankinsa a waya, shafin da zai buɗe masa a Segbana shi ne wanda ya saba buɗewa a gida. Ko a watan Agustan 2019, da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, buhun shinkafa ya tsaya, amma sunayen intanet sun ci gaba da ƙetarawa.

Wannan daidaito yarjejeniya ce ta mutane, kuma ana riƙe da ita ne ta hanyar shawara har baki ya zo ɗaya. Tsari ne mai kyau, sai dai yana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba: wanda bai halarci zaure ba, ana lissafa shirunsa a matsayin yarda. Har yanzu muryar masu magana da Hausa ba ta kai yawansu ba a wannan zaure.

Wa ke riƙe da me?

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi, kuma saboda ɗan Adam ba zai iya haddace lambobi ba, aka ɗora musu sunaye. Dole ne a samu kundi guda da kowa ya yarda da shi, in ba haka ba suna ɗaya zai riƙa kai mutane wurare daban-daban. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ita ke daidaita wannan babban kundi. Ta yi shekaru tana aikin ƙarƙashin kwangilar Ma'aikatar Kasuwancin Amurka, har zuwa ranar 1 ga Oktoban 2016 da kwangilar ta ƙare, kulawar ta koma hannun gamayyar masu ruwa da tsaki na duniya.

A cikin kundin kowace ƙasa tana da haruffa biyu: .ng na Najeriya, .bj na Benin, .ne na Nijar. Haruffan sun bi iyakokin da Turawa suka shata. A ranar 14 ga Yunin 1898 Birtaniya da Faransa suka sa hannu a birnin Paris kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Borgu, Illo ta faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikin mazauna yankin ba. Shekara ɗari cif bayan haka aka kafa ICANN. Bambancin zauren 1898 da na 1998 shi ne na biyun ƙofarsa a buɗe take.

Jon Postel, masanin da ya daɗe yana rarraba waɗannan haruffa kafin zuwan ICANN, ya rubuta a 1994 cewa mai kula da sunan ƙasa ɗan amana ne, kuma abin da ya dace a tattauna shi ne nauyi da hidima, ba mallaka ba. A Najeriya wannan amana tana hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005 bayan doguwar taƙaddama kan wanda ya cancanci riƙe .ng, taƙaddamar da sai da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta sa baki. NiRA ke tsara ƙa'idojin .ng, dillalan da ta amince da su ke sayar wa jama'a sunaye, hukumar NITDA kuma ke tantance masu neman .gov.ng. Lambobin adireshi kuwa, AFRINIC da ke tsibirin Mauritius, ɗaya daga cikin cibiyoyin yanki biyar na duniya, ita ke raba wa kamfanonin sadarwa da jami'o'in Afirka.

Sanin iyakar kowa yana da muhimmanci kamar sanin aikinsa. Da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, gwamnatin tarayya ce ta umarci kamfanonin sadarwa su toshe hanya. Sunan yana nan a kundi, mutumin Segbana yana buɗe shi lafiya lau. Haka kuma a 2022, da Yukren ta roƙi ICANN ta soke .ru na Rasha saboda yaƙi, hukumar ta ƙi, tana mai cewa ba ta da wannan hurumi. Ranar da mai riƙe da kundi ya fara hukunta ƙasashe, ranar ce kowace ƙasa za ta fara neman kundinta, tsarin kuma ya wargaje.

Yadda baki ke zuwa ɗaya

A ICANN, kamfanonin da ke sayar da sunaye, masu kula da sunayen ƙasashe, injiniyoyi, gwamnatoci da wakilan talakawan masu amfani da intanet, kowane rukuni yana da majalisarsa. Ana tsara shawara, a baje ta ga jama'a na tsawon kwana arba'in ko fiye domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa, sannan hukumar gudanarwa ta zartar. Majalisar gwamnatoci mai ba da shawara ce kawai, kodayake idan bakinta ya zo ɗaya, sai da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un hukumar gudanarwa ake iya ƙin shawararta. Ma'anar zuwan baki ɗaya a wannan majalisa ita ce babu wanda ya tashi ya yi adawa a hukumance. A nan ne nauyin halarta ya bayyana: kujerar da babu kowa a kanta ba ta yin adawa.

Misali mafi kusa shi ne haruffan Hausa. A ce ƙungiyar manoman shinkafa ta Zagga tana son suna a intanet mai ɗauke da kalmar "ƙauye" ko "haɗaka". Tsohuwar ƙa'ida haruffan Ingilishi 26, lambobi da karan ɗori kawai ta sani. Ita ce ta tilasta wa Bahaushe rubuta "kura" alhali "ƙura" yake nufi, ko "baki" a maimakon "baƙi". Larabawa sun daɗe suna matsa lamba, kuma a watan Mayun 2010 Masar, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu sunayen ƙasashensu da rubutun Larabci. A 2022 aka shigar da ƙa'idojin rubutun boko cikin tsarin babban kundi, waɗanda wani kwamitin 'yan sa kai ya tsara, kuma sun ƙunshi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, haruffan da Hausa ke amfani da su, uku daga ciki kuma Fulfulde ma na amfani da su.

To sai dai da sauran aiki, kuma aiki ne da baƙo ba zai iya yi wa mai harshe ba. A ƙaramin allon waya, k da ƙ sun yi kama sosai. Ɗan damfara zai iya rajistar suna mai ƙ domin kwaikwayon sunan wata cibiya mai k. Shin a haɗe sunayen biyu a hannun mutum guda, ko a bar su a rabe tunda ma'anarsu daban? Ga kuma bambancin ƙa'idar rubutu: Najeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ, alamar ɗauri ta yau da kullum kuma ba ta shiga sunan intanet. Ke nan kalmar "'yanci" a rubutun Maraɗi tana da hanyar shiga, a rubutun Birnin Kebbi ba ta da ita. Game da abin da ke zuwa kafin .ng, hukuncin na NiRA ne, ba na ICANN ba, kuma NiRA ƙungiya ce mai mambobi da babban taron shekara-shekara. Bayan haka sai bankuna, hukumomin jarrabawa da masu rubuta manhaja su gyara tsarinsu ya karɓi irin waɗannan adireshi. Kowane mataki yana da mai shi.

Abin da ya faru da AFRINIC

Wanda ke ganin sakaci da wannan zaure ba shi da illa, ya dubi AFRINIC. Tsoffin lambobin adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kacal, babban rumbunsu ya ƙare a watan Fabrairun 2011, ragowar da ke hannun Afirka kuma ta zama haja mai tsada. A 2019 aka bankaɗo karkatar da miliyoyin lambobi daga cikin cibiyar. Daga nan rikici ya ɓarke tsakaninta da kamfanin Cloud Innovation kan miliyoyin lambobin da aka ba shi, aka shiga shari'u birjik, har kotu ta rufe asusun bankinta na wani lokaci a 2021. Cibiyar ta wayi gari ba shugaba ba cikakkiyar hukumar gudanarwa, a Satumban 2023 kotun ƙolin Mauritius ta naɗa mata mai riƙo. An soke zaɓen Yunin 2025 saboda ƙorafi kan takardun wakilcin ƙuri'a, sai a Satumba aka sake wani. Shekaru aka shafe nahiya guda tana jiran kotun wani tsibiri ta yanke makomar lambobinta. Tsarin shawara yana rayuwa ne da mambobin da ke karanta rahoto, su yi tambaya, su kaɗa ƙuri'arsu da kansu.

Ƙorafi mai tushe

Mai hankali zai iya cewa mutumin Bagudo yana da damuwar da ta fi wannan: tsaro, ambaliyar kogin Kwara, da layin waya mai zuwa yana ɗaukewa. Zai kuma ce yawancin 'yan kasuwa a WhatsApp da Facebook suke ciniki, ba ruwansu da sunan shafi. Gaskiya ne. Haka nan gaskiya ne cewa buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta isa ba idan shiga na bukatar Ingilishi, lokaci, kuɗin jirgi da biza. Manyan kamfanoni na biyan ma'aikata domin halartar tarukan, Hausa kuma ba ta cikin harsunan da ake fassara wa. Amma shafin Facebook rumfar haya ce, mai kasuwa na iya tashin ɗan haya a kowane lokaci. Na'urar cirar kuɗi da ke kasuwar Zagga, rajistar JAMB, da ita kanta WhatsApp, duk a kan sunaye da lambobin nan suke tafiya.

Ba manomin shinkafa ake jira ya bar fadamarsa ya karanta daftarin ƙa'ida ba. Nauyin yana wuyan waɗanda aka ilmantar. Malaman kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Aliero za su iya shiga tarukan tsara manufofin AFRINIC da ICANN, waɗanda ake bi daga nesa kyauta. Masana harshe na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero su ne za su iya rubuta wa NiRA matsaya kan k da ƙ, su kuma tattauna da takwarorinsu na Nijar kan 'y da ƴ. Lauyoyi su sa ido kan dokokin zaɓen waɗannan ƙungiyoyi, 'yan jarida su tambayi wakilan Najeriya a majalisar gwamnatoci abin da suka amince da shi da sunan jama'a.

Mutanen Illo na 1898 suna da uzuri, domin ba a gayyace su Paris ba. Jikokinsu masu digiri, masu waya a hannu, an buɗe musu ƙofa na kwana arba'in a kan kowace shawara. Idan wa'adin ya cika ba su ce komai ba, za a rubuta cewa sun yarda.