FILIN LAMBU: Daliya, Furen da Arzikinsa Ke Ƙarƙashin Ƙasa

A wannan mako filin lambu zai waiwayi wani fure da ake kira daliya, wanda duk mai sha'awar ƙawata gida ya kamata ya san halinsa tun kafin ya zuba kuɗinsa. Mutane da yawa sun sayi saiwarsa da tsada, sun binne, sun yi ta ban ruwa safe da yamma, daga ƙarshe suka tona suka tarar ta ruɓe. Galibi laifin ba na iri ba ne, rashin sanin asalin shukar ne.

Daliya 'yar tsaunukan ƙasar Meksiko ce, inda rana ke da haske, dare kuma ke da sanyi. A 1789 aka aika da irinta zuwa lambun sarki da ke Madrid ta ƙasar Sifen, inda masanin tsirrai Antonio José Cavanilles ya raɗa mata suna don tunawa da Anders Dahl, wani masani ɗan ƙasar Suwidin. A 1963 Meksiko ta ɗauke ta a matsayin furen ƙasa. Masu lambu sun fitar da ire-irenta dubbai: akwai fara, da rawaya, da ruwan goro, da ja, da mai sirkin launi biyu, amma ba a samu shuɗiya ta ainihi ba.

Daga cikinsu akwai wadda ake kira Bishop of Llandaff, wadda wani mai sayar da tsirrai, Fred Treseder, ya fitar a birnin Cardiff na yankin Wales, aka kuma sa mata wannan suna a 1924. Ganyenta baƙi-baƙi ne kamar an tsoma shi a marina, furenta kuwa ja wur. Tsayinta kan kai ƙafa 3 ko ɗan fi. Wannan haɗuwa ta baƙi da ja ita ta sa har yau ba a daina nemanta ba.

Abu na farko shi ne sanin lokaci. Daliya ba ta son zafi mai tsanani, musamman na dare. Saboda haka wurare masu tudu irin su Jos da Mambila sun fi dacewa da ita. Mazauna ƙasashe masu zafi irin su Kano da Sakkwato kuwa, sai su bi dabarar masu lambun Indiya, waɗanda ke shuka ta bayan damina don ta yi fure a cikin sanyi. Wanda ya shuka ta gab da bazara ya haɗa ta da abin da ya fi ƙarfinta.

Abu na biyu, zaɓen saiwa. Saiwar daliya dami ce kamar ta rogo, kowace ɗaya kuma ta yi kama da dankalin Hausa. Amma ba kamar dankalin Turawa take ba, wanda idanunsa ke warwatse a jiki. Idon daliya yana wuya ne kaɗai, inda saiwa ta haɗu da tsohon kara. Saiwar da wuyanta ya karye, ko aka ɓalle ta ba tare da ido ba, ba za ta tsiro ba kome girmanta. Mai saye ya duba wuyan nan da kyau, ya kuma latsa ya ji tana da tauri.

Wurin shuka ya zama yana samun rana wajen awa 6, ya fi kyau ta safe, da inuwa bayan azahar. Ƙasa ta zama mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Idan laka ce, a haɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, a tada kunya. A haƙa rami mai zurfin inci 4 zuwa 6, a kwantar da saiwa idonta yana duban sama, a bar tazarar ƙafa 2 tsakanin shuka da shuka. A kafa sandar tokara tun ranar, domin wanda ya bari sai ta girma yana iya soke saiwar bai sani ba. Karan daliya rami ne a ciki, iska kaɗan kan karya shi.

A nan ne aka fi yin asara: saiwar da ba ta fitar da jijiya ba, ba ta shan ruwa, jiƙewa take yi ta ruɓe. Idan ƙasa na da danshi, a ɗaga mata ƙafa har sai tsiro ya leƙo. Bayan haka sai a riƙa ba ta ruwa mai yawa sau 2 ko 3 a mako, a gindi, gwargwadon bushewar ƙasa. Game da taki kuma a yi hattara da yuriya, don yawanta kan kawo ganye jingim, fure kaɗan, saiwa kuma ta yi rauni.

Idan shuka ta kai ƙafa 1, a tsinke kan tsiron da ke tsakiya. Sabon shiga kan ji ciwon yin haka, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: daga nan ne rassa za su fito ta gefe, kowane da furensa. Haka kuma duk furen da ya yi yaushi a yanke shi, don kada shukar ta koma yin iri ta daina fure. A lura, wanda bai buɗe ba dunƙulalle ne, wanda ya gama zubar da ganyen furensa kuwa yana da tsini. Da yawa sun yanke na farko a madadin na biyu.

Maƙiyanta su ne dodon koɗi da ke cinye sabon tsiro da dare, da awaki, da ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye. Waɗannan ƙwari su ke yaɗa wata cuta da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, shuka ta tsumbure. Cutar ba ta da magani, kuma tana bin saiwa. Wadda ta kamu a tumɓuke ta a ƙone, kada tausayin guda ya jawo asarar lambu duka.

Idan fure ya ƙare, ganye ya bushe, a yanke kara a bar inci 5, a tono damin a hankali, a kife shi a inuwa 'yan kwanaki don ruwan cikin kara ya tsiyaye. Sannan a adana shi cikin busasshen yashi ko garin katako, a ɗaki mai sanyi, ana dubawa lokaci lokaci ana cire wadda ta lalace. Lokacin shuka na gaba a raba shi da wuƙa mai kaifi, kowane kashi da idonsa. Ta wannan hanya, ko ta dasa reshe, ake samun Bishop of Llandaff ta ainihi, domin ƙwayar irinta kan fito da launi dabam.

Dami ɗaya da aka kula da shi yana iya zama shuka 3 ko fiye a shekara mai zuwa, har maƙwabci ya samu rabo. Allah ya ba manoma da masu lambu sa'a, amin.