Idan Kwamfuta da Na'ura Suka Kasa Jin Juna

A wannan mako za mu duba ƙofar siriyal, wadda kwamfuta ke bi ta yi magana da sikeli, ko mitar lantarki, ko injin buga rasit. Ƙa'idarta, wato RS-232, ta fito a Amurka tun 1960, amma har yau tana hana masu rubuta manhaja barci.

Tushen matsalar shi ne babu wayar agogo da ke daidaita ɓangarorin biyu. Kowanne da agogonsa yake ƙirge, saboda haka sai an yi yarjejeniya kafin a soma magana. Idan na'ura tana aikowa a gudun bod 9600, kwamfuta kuwa tana saurare a 115200, to abin da zai fito a allo tarkace ne kawai. Kalmar bod ɗin nan kuwa daga sunan Emile Baudot ta samo asali, wani injiniyan talgiram na Faransa.

In gudu ya daidaita amma wasu haruffa suna fitowa daidai, wasu a karkace, a tuhumi tsarin harafin. Yawancin manhajoji suna ɗauka 8N1 ne, wato bit takwas, babu na tantancewa, sai ɗaya na tsayawa. Wasu na'urori kuwa bit bakwai suke aikowa tare da na tantancewa, sai kwamfuta ta haɗa shi cikin harafin ta ɓata shi.

Shiru ya fi tarkace wuyar sha'ani, kuma a ganina nan ne mutane suke ɓata kwanaki suna gyaran manhajar da ba ta da laifi. A cire na'urar, a haɗa fil na 2 da na 3 a soket mai fil tara, a buga harafi. In ya dawo, ƙofar lafiya take. Daga nan a duba ko ana bukatar wayar da ta gicciya waɗannan fil biyu, ko fil na 5, na ƙasa, ya tsinke. Wani lokaci kuma an kunna RTS da CTS alhali ba a ja wayoyinsu ba, sai kwamfuta ta zauna jiran izinin da ba zai zo ba. Ko kuwa na'urar tana jiran alamar ƙarshen layi kafin ta amsa.

Amma fa a yi hattara: RS-232 tana kai bolt 15, sama ko ƙasa da sifili. Wanda ya jona ta kai tsaye da ƙaramin allo mai bolt 3.3, ba tare da guntu irin MAX3232 a tsakani ba, yana iya ƙona allon.