Injin Mota a Sararin Sama: Wanne Ya Kamata Maƙeri Ya Zaɓa?



Sha'awar ƙera jirgin sama a gida ba baƙuwa ba ce a wajen matasanmu. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, labarinsa ya zaga duniya. A Amurka kuwa tun 1929 Bernard Pietenpol ya tashi da jirgin da ya ɗora wa injin Ford Model A mai ƙarfin doki 40. Saboda haka abin mai yiwuwa ne, sai dai zaɓen injin shi ne inda rai yake rataye.

Mota da jirgi ba aiki ɗaya suke nema ba. Injin mota yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wajen juyi 5,000 zuwa 6,000 a minti, alhali farfela ba ta son ta zarce wajen 2,700, domin bakinta kan kusanci saurin sauti, aikinta ya ragu. Sannan mota kan huta a hanya, jirgi kuwa yana jan kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin injinsa sa'o'i ba sassauci.

Uku ne suka yi suna a wannan fage. Injin Volkswagen Beetle mai silinda huɗu iska ke sanyaya shi, ba shi da nauyi, farfela na juyawa a jikinsa kai tsaye, amma ƙarfinsa bai cika wuce doki 80 ba. Injin Chevrolet Corvair mai silinda shida, wanda aka ƙera daga 1960 zuwa 1969, yakan kai doki 100, sai dai samun kayansa a ƙasashenmu aiki ne ja. Injin Subaru ya fi su zamananci, amma yana buƙatar lagireto da ruwa da giyar rage juyi, kuma kowane ƙari wata ƙofa ce ta lalacewa.

Ra'ayina shi ne maƙeri ya fifita sauƙi da tarihin tashi a kan yawan dawakai. Idan jirgin ƙarami ne na mutum ɗaya, Volkswagen ya wadatar. Idan nauyin ya fi ƙarfinsa, a rage jirgin, kada a tilasta injin. A tuna zafin bazara yana sa iska ta yi shara-shara, inji ya rasa ƙarfi, fukafukai su rasa abin dogaro.

Mai cewa ya ɗauki wanda ya samu da rahusa a garejin unguwa, ina tuna masa araha ba ta ado. Mota in ta mutu a kan gangara da ita gefen titi. Sama ba ta da gefe. A gwada injin sa'o'i masu yawa a ƙasa, a kai jirgin gaban hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duba shi kafin a tashi. Rai amana ne.

Allah Ya yi wa matasanmu jagora.