Mace Ake Saki, Ba A Sakin Ɗa

Duk wanda ya je aikin Hajji daga cikinmu ya san Shara Mansur, unguwar nan ta Makka inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe da zama, har mutum ya ji ciniki da Hausa kamar yana Zongon Kumasi ko Nima. Su ma baƙi ne masu neman abinci nesa da asalinsu kamar mu, kuma a can ma aure yakan mutu, gama tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. To, akwai abin da hukumar ƙasarsu ta yi wanda muke so jama'a su duba da idon basira.

A shekarar 2017 Gwamnatin Sa'udiyya ta kafa asusun ciyarwa, don a riƙa ba mace da 'ya'yanta abin da alƙali ya yanke idan uba ya yi jinkiri, sa'an nan a bi uban bashi. A 2022 kuma ta fitar da dokar iyali a rubuce. Dokar ta ce idan an rabu uwa ce a gaba wajen riƙon yara, ci da tufafi da wurin kwana kuwa suna wuyan uba, yaro kuma in ya kai shekara 15 ya zaɓi inda zai zauna. Akwai kuma ofisoshin sulhu inda ake zaunar da miji da mata, in gyara ya faskara su daidaita a kan riƙo da ciyarwa da ziyara, a rubuta.

Jama'a, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Almajirin da ya karanta Risala ya san cewa a mazhabar Maliki uwa ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, uba kuma shi ke ciyarwa. Suratul Baƙara da Suratuɗ Ɗalaƙi sun hori iyaye su yi shawara, kada a cuci ɗayansu saboda ɗa. Dokar yara ta Gana ta 1998 ma ta ɗora wa iyaye wannan nauyi.

Amma me muke gani a zongo? Mutum ya rubuta saki cikin fushi, ya ƙwace yara ya kai wa kishiya ko ya tura su Arewa, don ya ƙona wa uwar zuciya. Wani kuwa ya tafi fataucin goro ko shanu wata shida, ko sisi bai bari ba. Wata uwar ita ma ta hana uba ganin ɗansa, tana zaginsa a kunnen yaro. Ƙarshenta yaro ya bar makarantar allo da ta boko, ya koma dako a tasha, yarinya ta ɗauki talla. Su wane laifi suka yi?

Shawararmu ita ce wannan. Duk aurenmu da ya ƙi gyaruwa, kafin idda ta cika, miji da mata da waliyyansu su zauna gaban Liman da Sarkin Zongo, a rubuta abu huɗu: wa zai riƙe yara, nawa uba zai bayar kowane wata har da kuɗin makaranta da magani, wace rana za a kai su gaida ɗaya gidan, da kuma wanda zai ajiye takardun haihuwarsu. Mutanen Mansur sun fi kowa sanin wahalar yaron da ba shi da takarda. Falke ya bar kuɗin wurin maigidansa kafin ya ɗaura kaya. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa.

Mun san wani zai ce tonon asiri ne. A'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ke rubuta bashin buhun masara bai kamata ya ji kunyar rubuta hakkin ɗan cikinsa ba. Allah ya shirya mana zuriya, amin.