RA'AYINMU: Jinin Tsuntsu Ba Abin Raini Ba Ne

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, sau da yawa mukan ji ana yi wa 'yan sashen nazarin dabbobi ba'a, wai sun bar ciwon mutane sun koma leƙen jinin tsuntsu a madubin likita. Mu a ganinmu, wannan ba'a rashin sanin tarihi ne ya haife ta.

Ga hujjarmu. A shekarar 1898, a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, likitan nan Ronald Ross ya tabbatar da cewa cizon sauro ne ke ɗaukar ƙwayar maleriya daga wannan jiki zuwa wancan, kuma a jikin ƙananan tsuntsaye irin su gwara ya tabbatar da haka. Ashe gidan sauron da muke kwana ciki yau, da hannun tsuntsu a cikin sanin amfaninsa.

Waɗannan ƙwayoyi na jinin tsuntsayen daji sun fi iri 200, kuma manyan zuriyarsu uku ne. Plasmodium sauro ke yaɗa shi. Haemoproteus ƙananan ƙwari masu cizo. Leucocytozoon kuwa baƙin ƙudan bakin kogi, dangin wanda ke makantar da mutane. Ba sa kama ɗan Adam, amma tsuntsun da bai saba da su ba yakan sha wuya. Tsibiran Hawai ba su san sauro ba sai da jiragen ruwa suka kai shi wajen 1826. Da cutar ta biyo baya sai ta shiga cikin abubuwan da suka karkashe tsuntsayen wurin, har a 2023 gwamnatin Amurka ta bayyana cewa iri takwas sun ƙare ƙaf.

To, ina ruwanmu? Da ruwanmu mana. Kowace shekara tsuntsayen Turai kan gudo wa sanyi su sauka fadamar Haɗejiya da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, su cuɗu da namu. Binciken da aka buga a 2002 a kan tsuntsayen arewacin Nijeriya ya nuna cewa baƙin da 'yan gida suna tarayya a wasu daga cikin ƙwayoyin. Abin takaici, daga jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin aka jagoranci aikin, alhali dajin namu ne.

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis tana nan a Jos tana koyar da wannan fanni. Saboda haka muna kira ga masu neman abin da za su yi bincike a kai a shekarar ƙarshe su dubi wannan fage, hukumar jami'a kuma ta tanadi kayan aiki da kuɗin fita daji. Masu ba'a kuwa, su tuna da Ross.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.